Robar Sitirin Da Ginin Ƙananan Samfura: Jawabi Ga Masu Farawa



An ba mu ɗan lokaci mu yi magana a kan wani abu wanda da yawa daga cikinku za su ɗauka wasan yara ne, watau ginin ƙananan samfuran gidaje da motoci da jiragen ƙasa da wata irin roba da a ke kira sitirin. Ba mu ga laifin mai wannan zato ba, gama da wuya a sami wanda ya tashi a ƙasar Hausa bai taɓa fere kara ya soka tsinke a totuwa ya yi mota ba, ko bai lanƙwasa langa-langa ya ja ta a titi ba. Bambancin da ke tsakani guda ne, amma babba ne. Yaro yana gina abin da idonsa ya gaya masa, mu kuwa muna so mu gina abin da awo ya tabbatar, ta yadda in an ninka kowane ɓangare na samfurin sau hamsin ko sau ɗari za a sami ainihin ginin ba ragi ba ƙari.

Ɗaliban zanen gine-gine da na injiniya da na tsara birane sun san samfuri tilas ne a gare su, ba sai mun roƙe su su saurara ba. Waɗanda mu ke so su ƙara buɗe kunne su ne ma'aikata. Sau da yawa a kan tura ƙaramin ma'aikaci ƙauye da zanen kasuwa ko na ɗakin shan magani a naɗe a hammata, ya shimfiɗa gaban dagaci da dattawa, kowa ya gyaɗa kai, a watse. Ba rashin basira ya sa suka yi shiru ba. Zanen gini rubutu ne, sai wanda aka koya wa ya ke karanta shi. Amma a ajiye samfuri a kan tabarma, nan da nan tsohuwa za ta nuna maka cewa ƙofar ɗakin haihuwa tana kallon inda maza ke zama, wani kuma ya ce rumfar mahauta ta matse rijiya. Gani ya kori ji. Gyaran da za a yi da aska cikin minti goma a jikin roba, in an bari sai an zuba siminti, ko dai a rushe da kuɗin jama'a, ko a bar mutane su zauna da kuskuren shekara da shekaru.

Hanya biyu ce a ke bi a sami samfuri. Ta farko ita ce a sayi wanda kamfani ya zuba gunduwa-gunduwa a kwali, kai sai haɗawa kawai. Kamfanin Airfix na Ingila ya yi suna da wannan tun da ya fitar da jirgin ruwan Golden Hind, kana ya biyo da jirgin saman Spitfire a ma'aunin 1:72. Wannan hanya tana da daɗi, amma iyakarta abin da kamfani ya ga dama ya zuba, kuma babu kamfanin da zai zuba maka kantin unguwarku ko makarantar firamaren garinku. Hanya ta biyu, wadda ita ce maganarmu yau, ita ce ka fara daga farin falle wanda ba kome a jikinsa, ka auna, ka yanka, ka haɗa.

Ita wannan roba ta girmi zaton mutane. A shekarar 1839 wani mai haɗa magunguna a Berlin, Eduard Simon, ya tatso wani ruwa mai kama da mai daga ƙaron wata bishiya, ya ajiye, bayan 'yan kwanaki ya tarar ya yi kauri ya daskare. Sai a 1920 wani masani Bajamushe, Hermann Staudinger, ya kawo bayanin cewa ƙananan ƙwayoyin irin wannan ruwa ne su ke sarƙuwa da juna su zama dogayen sarƙoƙi, aikin da ya sa aka ba shi lambar Nobel a 1953. Kamfanin IG Farben ya fara yin ta da yawa a Ludwigshafen wajen 1931, yau kuwa daga man fetur da iskar gas a ke samo kayan haɗinta. A wurin masana kimiyya ruwan ne sitirin, daskararren kuwa sunansa polisitirin, amma masu ginin samfura sun gajarta suna, mu ma za mu bi su.

Tana zuwa kama uku, kuma wajibi ne mai farawa ya rarrabe su. Akwai garau mai kama da gilashi, irin ta gidan faifan CD, wadda ke tsagewa da zarar an matsa mata. Akwai mai kumfa, mara nauyi, wadda a ke tokare talabijin da ita a kwali ko a zuba abinci a ciki, irin wadda gwamnatin Jihar Legas ta hana amfani da mazubanta a Janairun 2024. Wannan ruwan haɗi yana cinye ta ƙurmus, saboda haka ba ita mu ke nufi ba. Tamu ita ce ta uku, wadda aka gauraya da ɗan danƙon roba don ta jure bugu, fara fat mara sheƙi, a falle-falle kamar kwali. Kamfanonin Evergreen da Plastruct a Amurka, da Slater's a Ingila, da Tamiya a Japan, suna sayar da ita musamman don wannan aiki, har da sirara da bututu da sanduna iri-iri waɗanda aka riga aka yanka.

Mun san abin da wasu ke cewa a zuci: kuɗin ɗalibi ba ya kai shi Amurka. Gaskiya ne, amma robar tana kewaye da mu ba mu sani ba. Kofunan yogot da yawa ita ce, haka cikin tsohon firiji sau da yawa, haka wasu allunan talla. Abin da a ke bukata shi ne sanin yadda za a gane ta. A duba gindin abin, in an ga lamba 6 cikin alamar kibiyoyi uku, ko haruffan PS, to ita ce. In babu alama, a yanki ɗan guntu a jefa cikin kofin ruwa. Sitirin ta ɗan fi ruwa nauyi, za ta nutse a hankali, alhali robar bokiti da ta buta su kan taso sama. Gwaji na ƙarshe shi ne a ɗiga mata ruwan haɗi a taɓa da yatsa, in ta yi danƙo ta kama, an dace. Robar bokiti da ledar ruwa da gorar ruwan sha ko an yi musu wanka da ruwan haɗi ba za su ji ba, kada a ɓata lokaci a kansu.

Sa'an nan sai maganar kauri. Da ya ke Ingila da Amurka ne suka raini wannan sana'a, har yanzu a kan rubuta kaurin falle da kashi na dubu na inci, abin da ke rikita mai farawa. Lissafin ba wuya: kashi 10 shi ne rubu'in milimita, kashi 20 rabin milimita, kashi 40 milimita 1, kashi 60 milimita ɗaya da rabi, kashi 80 milimita 2. A ra'ayinmu wanda zai fara ya nemi kauri biyu kawai, milimita 1 don bango da daɓe, rabin milimita don ƙofa da taga da ado. Wanda ya fi wannan kauri yana gajiyar da hannu wajen yanka, wanda ya fi shi sirantaka kuwa ruwan haɗi yana narkar da shi kafin a ankara.

Kayan aiki ba su da yawa, kuma kada kowa ya bari hotunan intanet su tsorata shi da akwatunan kaya. Aska mai kaifi wadda a ke sake wa baki, rular ƙarfe, ƙaramar sukwaya irin ta kafinta, fensir mai tsini, samfefa mai laushi da mai kaushi, ƙaramin magagari, ɗan buroshi siriri, matsefata don ɗaukar ƙananan gutsattsari, da guntun gilashin taga da za a riƙa haɗi a kansa domin shi a miƙe ya ke sambal kuma ruwan haɗi ba ya cin sa. Rular katako ko ta roba ba ta yi, aska za ta ci gefenta tun ranar farko, daga nan duk layin da aka ja a karkace ya ke. Samfefa kuwa a manna ta a jikin guntun katako mai lebur, don in an riƙe ta a yatsa sai ta zagaye kusurwar da a ke so ta fito da kaifi.

Yanzu ga sirrin da ya sa masu wannan aiki suka fifita sitirin a kan kwali da katako. Ba a yanka ta har ƙasa. A ɗora rula a kan layi, a danne ta sosai, a ja aska sau biyu ko uku da sauƙin hannu har ta yi tsagi, sa'an nan a ɗauki fallen a lanƙwasa shi baya ga tsagin, sai ka ji ƙas, ya rabu biyu a miƙe. Jan farko shi ne mai muhimmanci, kuma shi ya kamata ya fi kowanne sauƙi, gama aikinsa share hanya ne kawai ga na bayansa. Mai danna aska da ƙarfi don ya gama da ja ɗaya, ko dai bakin askar ya kauce ya ɓata fallen, ko ya hau kan rula ya sami yatsa. Har ila yau a sa rula ta rufe ɓangaren da a ke so, ta yadda in aska ta kauce sai ta shiga cikin abin da za a zubar. Aska dakusasshiya ta fi mai kaifi haɗari, domin ita ce ke sa mutum dannawa. Bayan an karya za a ji wani ɗan tudu a bakin yankan, inda aska ta ture roba gefe. A kankare shi da bakin aska a tsaye, in ba haka ba haɗi ba zai zauna daidai ba.

Fitar da taga ya ɗan bambanta, tun da ba a iya lanƙwasa tsakiyar bango. A tsaga gefe huɗu na tagar, kana a ja layi biyu daga kusurwa zuwa kusurwa su gicciye, a zurfafa waɗannan har su huda, sa'an nan a tura kowane yanki huɗun baya ya karye a kan tsaginsa. Kuma a fitar da tagogi da ƙofofi tun bangon yana jikin babban falle, kafin a yanke shi, don a sami wurin riƙo kuma siraran wurare kada su karye.

To, sai haɗi, kuma nan mu ke roƙon a ba mu hankali ƙwarai. Abin da a ke haɗa sitirin da shi ba gam ba ne irin wanda muka saba, mai shiga tsakani ya bushe ya riƙe. Ruwa ne garau wanda ke narkar da fuskar robar ta kowane gefe, narkakkun su cakuɗe, ruwan ya tashi ya bi iska, a wayi gari abu biyu sun zama ɗaya, kamar dai walda. Saboda haka ba a shafawa sa'an nan a haɗa. A fara haɗa gutsattsarin a bushe, a tokare su da sukwaya, sa'an nan a tsoma buroshi a taɓa bakin haɗin daga ciki. Ruwan da kansa zai bi tsagin ya shige, kamar yadda kananzir ke bin lagwani. A riƙe na ɗan lokaci, shi ke nan. Ɗigo kaɗan ya isa. In ya zuba a fuskar bango kada a goge, a bar shi ya bushe da kansa, gama yatsan da ya taɓa wurin zai bar zanensa har abada. A kuma kula kada ruwan ya bi ƙarƙashin yatsan da ke riƙe da aikin.

Ruwan da aka fi sani shi ne wanda a ke kira MEK. Akwai na kwalba irin na Tamiya, akwai kuma wanda a ke tatsowa daga ɓawon lemo, mai suna limonin, wanda ba ya da zafin ci, yana jinkirin bushewa, ya kuma fi dacewa da falle siriri. Akwai wani mai ƙarfi, dikuloromitan, wanda mu ke ba da shawara a nisance shi. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta hana sayar da shi ga jama'ar gari a 2024 saboda illarsa ga lafiya. Fetur ma yana narkar da sitirin, amma cinye ta ya ke yi ya bar ta taɓo, kada kowa ya gwada. In za a haɗa roba da ƙarfe ko katako kuwa, ruwan haɗi ba ya aiki, sai a koma ga gam mai saurin kamawa.

'Yan'uwa, MEK yana kama wuta ko cikin sanyin da ruwa ke ƙanƙara, balle a ɗakin kwanan ɗalibai cikin watan Afrilu. Tururinsa ya fi iska nauyi, yana kwanciya a kan tebur ya bi ƙasa, ba a ganinsa. Kowa ya san yadda mu ke aiki: dare ya raba, mutum huɗu a ɗaki, taga a rufe saboda sauro, a ɗauke wuta, wani ya ƙyasta ashana ya kunna kyandir. Wanda zai buɗe kwalbar nan ya buɗe taga tukuna, ya tabbata babu kyandir, babu risho, babu mai shan taba, in wuta ta tafi kuma ya rufe kwalba ya nemi tocila. In kai ya fara sarawa a fita a sha iska. Kwalbar kuma a huda mata gurbi a guntun katako a zaunar da ita, don gwiwar hannu ɗaya ta isa ta kifar da ita a kan aikin wata guda. Ita robar a daskare ba abin tsoro ba ce, amma kada a ƙone gutsattsarinta, domin tana fid da baƙin hayaƙi mai ɗauke da ruwan sitirin, wanda hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke Lyon a Faransa ta sa shi, a 2018, cikin abubuwan da a ke kyautata zaton suna jawo cutar.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi, don magana ta zauna. A ce ɗaki ne na bulo, tsawonsa mita 4, faɗinsa mita 3, tsayin bango mita 3, za mu gina shi a ma'aunin 1:50. A wannan ma'auni kowace mita guda milimita 20 ce, saboda haka samfurinmu zai zama milimita 80 da 60, tsayi 60. Ƙofa mai faɗin santimita 90 da tsayin mita 2.1 za ta zama 18 da 42. Taga mai mita 1.2 kowane gefe za ta zama 24 da 24, in kuma gindinta yana santimita 90 daga ƙasa, watau milimita 18, samanta zai yi daidai da saman ƙofa a 42. Mutum mai tsayin mita 1.7 zai zama milimita 34, kuma muna ba da shawara a yanka shi tun farko a tsayar kusa da aikin, domin shi zai fara tona asirin kuskuren awo.

Ga inda kusan kowane mai farawa ke tuntuɓe. In an yanka dogayen bango biyu 80, gajeru biyu 60, aka sa gajerun tsakanin dogayen, faɗin ɗakin zai fito 62, domin kaurin dogayen biyu ya hau kai. Tilas gajerun su zama 58. Milimita 2 ba kome ba ce a ido, amma a ma'aunin 1:50 santimita 10 ce ta gini, kuma rufin da aka yanka bisa zane ba zai zauna ba. Sa'an nan kaurin bangon kansa: bulo mai inci 9, watau milimita 225, zai zama huɗu da rabi. Fallenmu na milimita 1 bangon santimita 5 ke nan, abin da ba magini da zai yarda da shi, kuma a bakin taga za a gane. Maganinsa a yi bango biyu, na waje da na ciki, a sa sirara masu kaurin biyu da rabi a tsakani. In ana son layin bulo ya fito, a tsaga shi da bayan aska, kowane bulo milimita 9 da huɗu da rabi. Kwanon rufi kuwa tazarar tudunsa milimita 76 ce, watau ɗaya da rabi a samfuri. Ana sayar da falle mai irin wannan tudu, in babu a ja layuka kusa-kusa da bayan aska.

Masu sha'awar jirgin ƙasa su lura da wani abu. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa a duniya shi ne HO, watau 1:87, kuma dogonsa na kanti mai faɗin milimita 16.5 yana wakiltar layi mai faɗin milimita 1,435, irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016. Tsohon layin da ya iso Kano a 1911 faɗinsa milimita 1,067 ne, in an raba da 87 a sami 12 da 'yan kai. Wanda ya ɗora taragon tsohon layi a kan dogon 16.5 ya yi wa tarihi ƙarya, sai ya nemi dogo mai milimita 12.

Babbar cutar sitirin ita ce tanƙwarewa, kuma ba ta nuna kanta ranar da aka yi aikin, sai bayan mako ko wata. Dalilanta sanannu ne. Dogon bango ba tare da tokari ba zai lanƙwashe, don haka a manna masa haƙarƙari daga ciki, a kuma sa 'yan gutsattsari masu kusurwa uku a kowane lungu. In an manna falle biyu fuska da fuska, wajen bushewa ɗaya yana jan ɗaya, sai a yi su uku, ko biyar, don ja ya daidaita, a danne da littattafai a kan gilashi su kwana. In kuma aka rufe akwati ruf ta kowane gefe, tururin ruwan haɗi ba ya da mafita, sai ya zauna ciki yana cin bango a hankali har ya lotsa. A huda ɗan rami a inda ido ba ya gani. Haɗi yana kamawa cikin minti kaɗan, amma ba ya ƙarfi sosai sai ya kwana, kuma wanda ya goge shi da samfefa yana ɗanye zai tarar da kwari a wurin bayan an yi fenti. Masu jiran daren jajiberin miƙa aiki su tuna ba a fafe gora ranar tafiya.

Lanƙwasa da gangan kuwa abu ne mai sauƙi, domin robar tana laushi wajen zafin tafasar ruwa. A naɗe falle siriri a jikin gwangwani ko kwalba, a ɗaure da tsumma, a tsoma cikin tafasasshen ruwa na ɗan lokaci, a fitar a tsoma cikin na sanyi, in an kwance zai riƙe siffar. Da haka a ke yin tankin ruwa da rufin tarago. Gutsattsarin da suka rage ma kada a zubar, a jefa su cikin 'yar kwalba da ruwan haɗi su narke su zama kamar kunu mai kauri, a riƙa cike tsagi da shi, amma kaɗan-kaɗan, don yana daɗewa bai bushe ba.

Akwai tambayar da mu ka san za ta taso, watau ko sitirin ta dace da ginin ƙasa irin namu. Amsarmu ita ce rabi da rabi. Roba ce ta inji, tana son miƙaƙƙen layi da kusurwa mai kaifi. Ginin tubali kuwa gindinsa da kauri, yana sirancewa yana hawa, kafaɗarsa a zagaye, zankwayensa kowanne da halinsa, domin hannu ne ya shafe shi. Wanda ya yanka zaure da rula ya haɗa zai sami akwati mai ƙaho, ba zaure ba. Abin da ya fi shi ne a yi ƙashin ginin da sitirin don awo ya tsaya, a karce fuskarta da samfefa mai kaushi, sa'an nan a yaɓe da abin cike tsagi a shafe da yatsa kamar yadda magini ke yi. Inda ta yi fice shi ne rufin ciki: jeren azara da bakuna da ɗaurin guga, waɗanda sirara ke fitar da su tsaf. Duk mai son ya gwada ƙwarewarsa ya dubi rufin tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Mika'ilu ya gina zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wanda kuma aka yi kwaikwayonsa da cikakken girmansa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya na Jos. Irin waɗannan gine-gine ba sa jiran kowa. Ƙofar Na'isa ta Kano an rushe ta a 2010 don faɗaɗa hanya, aka gina sabuwa. Ɗalibin da ya ɗauki tef ya auna tsohon zauren unguwarsu a hutun nan, ya rubuta, ya gina samfurinsa bisa awo, ya ajiye wa magina na gaba abin da hoto kaɗai ba ya iya ba su.

Fenti ba za mu daɗe a kansa ba. A wanke samfuri da ruwa da sabulu don maiƙon hannu ya fita, a bar shi ya bushe a rufe, domin robar tana jawo ƙura da kanta in an goge ta, lokacin hunturu kuwa ba sai an faɗa ba. A fara da shafe mai ruwan toka siriri, shi zai nuna duk tsagin da ya ɓuya. Fentin mota da tinarsa suna cin sitirin su bar ta da ƙuraje, saboda haka kowane fenti a gwada shi a guntu tukuna. Mai sheƙi yana mai da samfuri abin wasa. In kuwa samfurin na kai wa taro ne don a yi shawara, mu a ganinmu a bar shi fari, domin da zarar an shafa masa kore ko shuɗi sai gardama ta koma kan launi a manta da ƙofa da taga. Bayan an gama a kafa shi a kan katako mai kauri, a yi masa kwali na ɗauka, kada a bar shi a bakin taga ko cikin motar da aka rufe a rana, gama rana tana sa robar ta yi rawaya ta yi gautsi, zafi kuma ya lanƙwasa siraran wurare.

Wanda ya ke so ya fara a makon nan, kada ya fara da gida. Ya gina ɗan akwati mai milimita 30 kowane gefe da fallen milimita 1. Zai bukaci gutsattsari shida: biyu masu 30 da 30 don sama da ƙasa, biyu masu 30 da 28, biyu masu 28 da 28, da ɗan rami a gindi don tururi. In ya kwana ya goge shi, ya ɗora sukwaya a kowace kusurwa ya ɗaga wajen haske. In haske ya ratsa tsakanin sukwaya da roba, ya sake wani. Mun zo da falle da aska da rula, suna kan teburin baya, wanda ya ke so ya gwada tsagi da karyawa ya tsaya bayan an tashi.